Ni ke rubuta takardar awo, kuma na san sikelin maigidana ƙarya yake yi

Ɗan Rumde, Garwa

Salamar Ubangiji a gare ku 'yan'uwa. Akwai abin da ya daɗe yana cina a rai, kuma ba zan iya kai shi gaban dattawan ikilisiyarmu ba, za ku ga dalili a ƙasa. Ku yi haƙuri da tsawon maganar.

Ina aiki wurin wani ɗan kasuwar hatsi a nan Garwa, arewacin Kamaru. Masara muka fi saye, sai gyaɗa da waken suya. Da kaka motocinmu kan zagaya Ngong, Lagdo, Pitowa da ƙauyukan da ke bayansu, a tara kaya a sito, in farashi ya hau a loda zuwa Ngaundere a kama hanyar kudu, ko a yi arewa ta Marwa har Kusiri. Ni aikina biro da takarda. Ina zaune gefen sikeli, yara su ɗora buhu, mai awo ya faɗi kilo, in rubuta in miƙa wa manomi ya je wurin mai biya.

Sikeli biyu gare mu. Na saye daban, na sayarwa daban. Na sayen an taɓa shi, duk buhu mai kilo 100 zai nuna 97. Bayan haka sai a cire kilo 2 wai nauyin buhu, alhali buhun leda wanda babu komai a ciki ko rabin kilo bai kai ba. In manomin baƙo ne ko tsohuwa, a ƙara cire wani abu da sunan danshi, ko da a watan Janairu ne masara ta bushe ƙayau tana ƙara a haƙori. Ku bar sauran ma, ku lissafa kilo ukun nan kaɗai: a mota mai buhu 300, buhu 9 ke nan da ba a biya kowa kuɗinsu ba.

Mutanen da muke saye a hannunsu yawancinsu 'ya'yan waɗanda suka gangaro ne daga duwatsun Mokolo da yankin Kaele da Yaguwa tun shekarun 1970, lokacin da aka buɗe gonaki a kwarin Binuwai. 'Yan ƙabilun Mafa, Tupuri da Mundang ne, da dama masu bi ne irinmu. Wasu sun ci bashi wurinmu tun watan Agusta da rumbu ya ƙare, dole su kawo mana, ba su da zaɓi. Sun san ni a taron ƙungiyar mawaƙa, don haka in na miƙa takarda ba sa ko dubawa. Akwai wata tsohuwa daga wajen Lagdo da duk zuwanta sai ta kama hannuna ta ce ɗana Allah ya yi maka albarka, tunda kai ne a nan hankalina kwance yake. Na fara gane cewa saboda haka ne ma aka zaunar da ni a kujerar nan. Bangaskiyata ake bugawa a kan takardar a matsayin hatimi.

Ga inda abin ya ɗaure. Maigidan nawa dattijon ikilisiya ne. Aminin mahaifina ne, da mahaifina ya rasu shi ya biya mini makaranta har na gama, shi ya tsaya a matsayin uba ranar aurena. Baba nake kiransa, 'ya'yana kuma Kaka. Rabin kwanon rufin majami'armu daga aljihunsa ya fito. Ran Jibin Ubangiji shi ke zagayawa da ƙoƙo, kuma ni na daina ɗauka, sai in sunkuyar da kai ya wuce.

Na taɓa gwada masa maganar a kaikaice. Ya ce yaro ba ka san kasuwa ba, kowa haka yake yi, kuɗin shingayen hanya da ɓarnar ƙwari da ɓera da raguwar nauyi a sito daga ina kake so in fitar? Gaskiya ne masara kan rage nauyi in ta ƙara bushewa, na gani a littafi. Amma in hasara ce ai sai a rage farashi a fili, manomi ya ji ya yarda ko ya ɗauki kayansa.

Matata tana da juna biyu, ga yara biyu, ga mahaifiyata a wurina, gidan haya muke. Aiki a Garwa kun san yadda yake. Ni ban taɓa sikelin ba, ban kuma ci ko dala a ciki ba ban da albashina. Shin ina da hannu a zunubin nan? In zauna ne ko in tafi? In kuma zan zauna, ta yaya?

Bawan Yesu, Domayo, Marwa

Yayana, kai ma ka san amsar, shi ya sa ƙoƙon yake wuce ka. Buɗe Maimaitawar Shari'a 25:13-16. An hana mutum ajiye ma'auni iri biyu, babba da ƙarami, a jakarsa ko a gidansa, aka kuma ce duk mai yin haka abin ƙyama ne ga Ubangiji. Sikeli biyun da ka faɗa ke nan daidai. Amos sura 8 kuma ya yi magana a kan masu rage mudu su tsawwala kuɗi su sayi matalauci a kan takalmi. Ka ce ba ka taɓa sikelin ba, amma lambar ƙarya da hannun wa take shiga takarda? Zama da maɗaukin kanwa shi ke kawo farin kai. Yusufu ya bar rigarsa a hannun matar Fotifar ya gudu, bai tsaya tunanin abin da zai ci gobe ba. Ka ajiye biron nan. Wanda ke ciyar da tsuntsaye ba zai manta da 'ya'yanka ba.

Tsohon Direba, Ngaundere

Ɗana na Domayo, ayoyinka daidai suke, ban musa ko ɗaya ba. Amma ka yi saurin cewa ya tafi. Bari in yi wa ɗan'uwanka magana a matsayin wanda ya tsufa a ƙarƙashin iyayen gida iri-iri.

Na yi rayuwata ina jan babbar mota daga tashar jirgin ƙasa ta nan Ngaundere zuwa Garwa, Marwa, Mora, Waza, Kusiri, in haye gadar Ngeli in sauke a Njamena. Ina kan hanya lokacin da aka zaftare albashin ma'aikatan gwamnati a 1993, aka kuma karya darajar sefa da rabi a Janairun 1994. Daga nan na ga yadda mutanen kirki suka fara miƙa hannu, har a 1998 da 1999 aka sa ƙasarmu a kan gaba a duniya wajen cin hanci. Da a ce duk mai bi zai bar wurin da ake ɓarna, da babu Kirista ko ɗaya da zai rage a hanya, ko a ofis, ko a kasuwa. Bulus ma ya faɗa wa Korantiyawa a wasiƙarsa ta fari, sura 5, cewa in za a guje wa mazambatan duniya gaba ɗaya to sai dai a fita daga duniyar.

Dubi Obadiya a 1 Sarakuna 18. Shi ne wakilin fadar Ahab, sarkin da ya fi waɗanda suka riga shi mugunta, mijin Yezebel. Littafi ya ce Obadiya mai tsoron Ubangiji ne ƙwarai, kuma bai bar fadar ba. Zamansa a ciki ne ya ba shi damar ɓoye annabawa 100, hamsin-hamsin a kogo, yana kai musu abinci da ruwa. Da masu karɓar haraji suka zo wurin Yahaya Maibaftisma a Luka 3, bai ce su ajiye aiki ba, cewa ya yi kada su karɓi fiye da abin da aka ƙayyade. Sojoji kuma ya ce kada su yi ƙwace, kada su yi ƙazafi, albashinsu ya ishe su.

To amma ka lura, Ɗan Rumde, kada ka ɗauki wannan ka yi matashin kai da shi. Obadiya bai riƙe wa Yezebel takobi ba. Zama a gidan mai laifi daban, yi masa laifin da hannunka daban. Ni a hanya na biya masu shinge abin da suka tilasta mini, raina bai so ba, amma ni aka ƙwata, ban ƙwaci kowa ba. Ranar da wani maigida ya ce in sa hannu a takardar kaya mai nuna buhu kaza alhali akwai wani abu a ƙarƙashin tampol, na ce masa mota zan tuƙa, wannan kuwa ba zan sa hannu ba. Ya yi fushi, ya hana ni tafiya na wani lokaci, gidana ya ji jiki. Daga baya kuma duk kaya mai tsada ni yake ba wa, don ya san ba za a rasa ko kwali ba. Ba na ce kai ma haka za ta kasance maka ba. Na san waɗanda suka ƙi aka kore su, ba a kuma sake kiransu ba.

Naka ya wuce zama kawai. Hannunka ne ke rubuta 97 a inda ka san 100 ne. Wannan shi ne zai tsaya, ko ka zauna ko ka tafi.

Ga shawarata. Da fari ka tabbatar da abin da idonka, kada ka je da na ji an ce. Buhun siminti na Figil kilo 50 ne, ɗora shi a sikelin. Ko ka auna jarka babu komai, ka zuba ruwa lita 20 ka sake aunawa, lita ɗaya ta ruwa kilo ɗaya ce. Sannan ka bi Matiyu 18:15, ka same shi shi kaɗai, a gida, ba a sito a gaban yara ba. Ka durƙusa yadda ɗa ke yi wa uba, ka fara da godiyar abin da ya yi maka, don gaskiya ne ya yi. Kada ka ce masa ɓarawo. Ka ce Baba, ni ba zan iya ƙara rubuta wannan lambar ba, ko a gyara sikeli ko a canza mini aiki. Daga nan ka yi shiru ka bar shi da Allah. In ya ce sai dai ka rubuta, to a lokacin maganar ɗan'uwanmu na Domayo ta zama taka.

Maman Tagwaye, Njamena

Baba Direba na gaishe ka, Allah ya ƙara lafiya. Ƙanena Ɗan Rumde, sannu da wannan nauyi.

Na karanta amsoshin nan biyu, kuma abin da ya dame ni shi ne dukansu a kan tsabtar hannunka suka tsaya. Ita tsohuwar Lagdo fa? In ka tafi gobe, za a zaunar da wani, kilo ukunta za su ci gaba da tafiya. In aka mayar da kai wani teburi, haka nan. Yakubu 5:4 ya ce hakkin ma'aikatan gona da aka danne yana kuka, kukan kuma ya kai kunnen Ubangiji Mai Runduna. Kukan nan ba zai tsaya don kai ka sami barci ba.

Ni hatsi nake sayarwa da koro, wato kwanon awo, a kasuwa, na san duk dabarun. A bubbuge gindin koro ya shiga ciki, a saya da tozo a sayar a shafe, a sa mai kyau a sama ruɓaɓɓe a tsakiya. Maƙwabciyata a rumfa Musulma ce, tsohuwa, ba ta taɓa yarda a auna mata da koro mai lotsattsen gindi ba. Takan ce a Alƙur'ani akwai sura guda da aka sa wa sunan masu tauye mudu. Don haka kada Babanka ya ce maka kowa haka yake yi. Ba kowa ba. Kuma abin kunya ne a ce wadda ba ta shiga majami'a ta fi mai raba Jibi tsoron ma'auni.

Wani abu kuma, Baba Direba, a 1 Korantiyawa 5 ɗin da ka kawo, Bulus ya ci gaba. Mazambatan waje ya ce ba za mu iya guje musu ba, amma wanda ake kira ɗan'uwa yana zamba, wannan maganar ikilisiya ce. Maigidan nan dattijo ne. Ransa ma yana cikin hatsari, kuma in kuna ƙaunarsa ba za ku bar shi ya tsufa a haka ba. Zakka da Yesu ya shiga gidansa bai tsaya a na daina ba, ya ce zai mayar ninki huɗu ga duk wanda ya cuta. Littafin sayen yana hannunka ƙanena, sunayen mutanen da buhunansu suna ciki. In Allah ya taɓa zuciyar Baba, ba za a rasa sanin wanda za a mayar wa ba. Kada ka saci littafin, kada ka yaga, ka dai tabbata yana nan lafiya.

Yadda za ka bi, 1 Timoti 5 ya nuna: aya ta 1 ta ce kada a tsauta wa dattijo da kaushi, a roƙe shi kamar uba, aya ta 19 kuma ta ce ba a karɓar ƙara a kan dattijon ikilisiya sai da shaidu biyu ko uku. Ka fara tunanin su wa za su tsaya tare da kai.

Kafin komai ka gaya wa matarka. Ita za ta dafa abin da ya rage in albashi ya tsaya, bai kamata ta ji daga bakin wasu ba. Ka kuma bincika ko an yi maka rajista a CNPS, wato asusun fansho da inshorar ma'aikata na gwamnati, ka adana duk wata takarda da ke nuna kana aiki a wurin, don in aka kore ka babu dalili akwai sufeton ƙwadago.

Mu kuma da muke saurin cewa ajiye biro, sai mu tambayi kanmu ko za mu kai masa kwanon masara in ya ajiye. A zumuntar matanmu muna da ɗan asusu don irin wannan. Wata 'yar'uwa ta bar aiki a wani kantin magani da ake canza kwanan wata a kwalaye, mu muka riƙe mata haya har ta sami wani. Ikilisiyar da ta karɓi kwanon rufi ya kamata ta iya riƙe mutum ɗaya da ya faɗi gaskiya.

Ɗan Rumde, Garwa

Na gode muku duka, Allah ya saka da alheri. Na dawo in gaya muku inda aka kwana.

Mama, na fara da matata kamar yadda kika ce. Ashe ta daɗe da lura cewa ba na ɗaukar Jibi, tana tsoron ko wata mace ce. Da ta ji zancen ta yi kuka, ta ce ita ma 'yar manomi ce, mahaifinta a Ngong yake kai masararsa. Ta ce in je, ko kunu za mu sha mu sha.

Baba Direba, na ɗora buhun siminti da yamma bayan an tashi. Sikelin saye ya nuna 48 da rabi, na sayarwa ya nuna 50 cif. Mai awonmu yana tsaye yana kallona. Musulmi ne, magidanci, ya girme ni. Bai ce komai ba sai da muka fito, ya ce shi ma abin ya daɗe yana damunsa a sallarsa, amma ya ga ni da nake ɗan gida kuma ɗan coci ban yi magana ba, shi wane ne. Wannan maganar ta fi komai yi mini zafi.

Na sami Baba a gida bayan sujadar yamma. Na durƙusa, na faɗi abin da kuka koya mini, ban ƙara ba. Ya daɗe bai ce uffan ba. Sannan ya ce, yanzu ɗan da na raina shi zai koya mini Littafi? Na ce a'a Baba, tsoro nake ji, don kaina da kuma dominka. Ya ce in tashi in tafi gida.

Bai kore ni ba. Ya mayar da ni lissafin motoci da man fetur, ya zaunar da ɗan ƙanwarsa a gefen sikeli. Albashin wannan wata bai fito ba tukuna, na sauran ya fito. A majami'a yana amsa gaisuwata da kai kawai. Mahaifiyata ta ji, ranta ya ɓaci ƙwarai, ta ce na tozarta ta a gaban mutumin da ya rufa mana asiri, har yanzu ba ta sake mini fuska ba. Ɗan'uwa na Domayo, ka ga ko ban tafi ba ma akwai abin biya.

Sikelin kuwa yana nan yadda yake. Ran kasuwa na hango tsohuwar nan ta Lagdo a layi, ta ɗaga mini hannu daga nesa, ɗan ƙanwar Baba ya rubuta mata takarda. Maganarki ce ta faɗo mini Mama.

Wani abokina ya ce in kai rahoto wurin masu duba ma'auni na ma'aikatar kasuwanci. Ban so in fara da nan ba tun ban bi matakin ikilisiya ba, kuma ina tsoron a ci shi tara kawai a wuce, manoma ba su ga komai ba. Abin da nake so shi ne mataki na biyu na Matiyu 18, in koma da mutum ɗaya ko biyu. Mai awo ya ce zai faɗi abin da ya sani in an tambaye shi, ko da zai rasa aikin. Fastonmu kuwa matashi ne, bai daɗe da zuwa ba, gidan da yake ciki ma Baba ne ya gyara. Akwai wani tsohon mai bishara da ya yi ritaya, sa'an mahaifina, wanda Baba ke jin nauyinsa tun suna samari.

Tambayata yanzu, musamman ga waɗanda suka taɓa zama a majalisar dattawa: in fara zuwa wurin fasto don shi ne shugaba, ko in ɗauki tsohon mai bisharar mu koma wurin Baba a gida tukuna? Kuma in abin ya kai gaban majalisa, za su karɓi shaidar mai awo tunda ba mai bi ba ne, ko sai na nemi wani daga cikin yaran sito da ke zuwa sujada tare da mu?